Kiyashi a Gindin Turken Kofur

Ku matso, ku ɗan aje wayoyin nan. Tun ɗazu nake jin abin da kuke ƙullawa: wai za ku sayo ɗan biri a kasuwar Shagari, ku ɗinka mishi riga, ku riƙa ɗaukar hotonshi kuna watsawa duniya ta yi dariya. Kai mai jar hula har cewa ka yi ai ba wuya, ayaba ce da igiya. To madalla. Ni Nomau shekara talatin da 'yan kai na yi ina wasa da biri, tun daga nan Bodinga har Jega, Kamba, Ƙonni, Maraɗi, har bakin ruwa Malanbil inda anka taɓa kore ni da Faransanci ban san laifina ba. Ban ce na fi ku wayo ba, ku ne 'yan boko. Amma ku saurara, don abin da ke kashe birin gida ba yunwa ba ce.

Ubangidana a sana'ar nan Baba Arzika ne, mutumin Horo Birni, Allah ya jiƙan shi. Ranar da na fara bin shi bai ba ni igiyar biri ba. Buhu ya ɗora mini. Cikin buhun akwai 'yar ganga, turken ƙarfe, sarƙa ƙarama, riga da hula na biri, da ɗamarar fata wadda ake ɗaura wa birin a ƙugu, mai huji biyar. Sai wani ɗan ludayi da ya yi baƙi don tsufa. Duk kayan nan in sun ɓace zai yi faɗa ya haƙura, amma ludayin nan a aljihun gaba yake sa shi in za mu ƙetare ruwa.

Akwai wata tafiya da munka yi daga Horo Birni zuwa Shagari ranar kasuwa, a ƙasa, don lokacin ba mu san babur ba. Jan biri ne da mu, dogo mai dogayen ƙafafu, ana ce mishi Ɗanbaƙo. Jan biri ba birin bishiya ba ne, birin gudu ne. Mu muna tafiya miƙe, shi yana yi gaba ya dawo, ya leƙa rami, ya cafke fara, ya ɓanɓaro ƙaro a jikin farar ƙaya, har igiya ta ƙare. Kafin mu isa ya yi hanyar nan sau uku. Munka yi wasa wuni guda: ya yi sojan fareti, ya yi tsohuwa mai ciwon baya, ya yi alkafura. Da yamma Baba ya auna mishi ludayi uku na jiƙaƙƙen gero, ya ƙara da gyaɗa da ɗan ganye. Washegari ruwa ya tsare mu a zauren wani mahauci, ba mu fita ba. Sai na ga Baba ya auna ludayi ɗaya da rabi kacal, kuma bai ba shi a ƙwarya ba. Cikin ƙaiƙayi ya watsa, ya cakuɗa da ƙafa, ya bar biri yana tsinta ɗaya-ɗaya har azahar.

Na ce a raina, wannan tsoho da rowa yake. Da ya juya baya sai na miƙa wa birin ragowar ƙosaina. Ashe ya gani.

Ya ce, "Kai Nomau, yau ina yat tahi?"

Na ce, "Wa, Baba?"

"Wanda kab ba ƙosai. Sifawa yat tahi, ko Danchadi?"

Na ce, "Ba inda ya je, Baba."

Ya ce, "To ƙahwa ka cin abinci, ba baki ba. Ran da ƙahwa ta yi hutu, ciki ma shi yi."

Ban gane ba, amma na ce to. Kowace safiya kuma sai ya ɗaga birin da ɗamara kamar mai auna kaza, ya lalubi haƙarƙarinshi, ya duba huji na nawa ɗamarar take. Na uku ne daidai. In ta koma na biyu ya rame, a ƙara. In ta nemi na huɗu, a rage. Lokacin ɗari yana ƙara rabin ludayi ko ba a je ko'ina ba, wai jiki na ƙona abinci don ya ɗumama kanshi. Mace mai shayarwa kuwa ba ya yi mata awo sosai. Yakan ce jaki gungume ne, ka sa mishi wuta da safe ya kai ka dare, amma biri wutar kara ce, kaɗan-kaɗan ake tura mata, in ka labta mata dami guda sai hayaƙi.

Masu kallo su ne rabin wahalar sana'ar. Mahauta na son su ga biri ya yi fushi, sai su riƙa tsokana. Direbobi na son a sa mishi sigari a baki. Matan da ke saida fura kuwa tausayi ke gare su, kowace sai ta ce, "Wayyo, ɗan bawan Allah, ka ba shi ya sha." In kana tsakiyar fage ido ɗaya na kan biri, ɗaya na kan hannuwan mutane. Baba Arzika bai da kunyar wannan. Ko wane ne kai zai buge hannunka da sanda ya ce, "In sadaka kaka so, ga ni nan, ba ni."

Bayan rasuwarshi na gaji ludayin da sauran kaya. Birai uku sunka bi ta hannuna kafin Kofur. Shi Kofur a hannun wani manomi na same shi can wajen Danchadi, an kashe uwar a gonar dawa, shi kuma an ɗaure shi da igiyar rama har ƙugunshi ya ɗaye. Na raine shi. Ban taɓa ganin biri mai kai irin nashi ba. In na buga ganga sau biyu ya ƙame ya sara. In na ce, "Kofur, ƙaƙa mai bashi ke yi in ya hango mai kuɗi?" sai ya ja hula ya rufe fuska ya laɓe bayana. Shekara tara muna yawo tare, kuma shi ke ciyar da gidana, ba gonar da nake taƙama da ita ba.

Sai shekarar da ƙafata ta karye. Bayan an gama girbi ne, na ɗauko babur ɗin aro daga Sifawa, akuya ta gitta, na kauce mata na samu kwalbati. Ƙashin cinya ya rabu biyu. Maɗori ya zo ya ja, ya jera karare ya ɗaure, ya ce ko taka ƙasa na yi kafin wata huɗu, ba ruwanshi. Anka shimfiɗa mini tabarma a zaure. Kofur kuwa ba mai iya fita da shi, don ba kowa yake yarda da shi ba. Sai anka kafa turkenshi a ƙofar zauren, inda zan riƙa ganinshi, da sarƙa taku huɗu.

Kun dai san mutanenmu da dubiya. Ba mai zuwa hannu sake. Wanga ya zo da rake, wancan da lemun kwalba, wata ta aiko da fura an zuba sukari har tana danƙo, wani da ayaba, wani da ƙosai. Kuma kowa in ya gaishe ni sai ya juya ya ce, "Af, Kofur, kai ma sannu da jinya," ya gutsura ya miƙa mishi. Shi kuma ɗan banza ya gane kasuwa ta zo har gida. Da ya hango mutum sai ya ƙame ya sara. Wa zai ga haka ya hana shi? Yara sunka gano yana iya riƙe kwalba da hannu biyu ya kafa kai. Ni ina kwance ina dariya. Ludayin Baba yana cikin buhu, buhun yana rataye a ɗaki, ban ko tambaye shi ba. Matata Kulu ce ke zuba mishi gero, ita kuwa da ƙwaryar awo take zubawa, don ta ce a gidanta ba a taɓa yi wa baƙo ƙwauro ba balle ɗan gida.

Cikin masu zuwa akwai wanda bai taɓa fashi ba: Malam Jabbi, mai makarantar allo ta bayan masallacinmu. Dattijo ne, ya haura saba'in, shi ya koya wa ubana karatu da girmanshi, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Kullum bayan la'asar zai shigo da sandarshi, ya yi mini addu'a, ya tofa a ƙafar, sannan ya zauna kusa da turke ya zura hannu a aljihu. Dabino, alewar madara, wani lokaci tsami-gaye, wani lokaci zuma a 'yar leda. Yana ba birin yana kallon yadda yake ci, ido ƙur, har ya cinye.

Wata biyu ɗamara ta koma huji na biyar. Mutane na cewa, "Nomau, kai ka karye, biri ya samu lafiya." Gashinshi na sheƙi, ciki ya sauko. Ni ma na ɗauka hutu ne ya karɓe shi.

A wata na uku ne abin ya juya. Kaskon ruwan da yake wuni bai shanye ba sai ya zama ana cika shi sau huɗu. Ya daina zagaya turke, sai ya zauna ya jingina da bango yana lumshe ido. Inda ɗamara ta goge shi ya yi ɗan rauni kamar ƙwayar wake, mako biyu bai kame ba. Ga shi yana ci kamar da, amma cinyoyinshi sun fara zubewa, cikin ne kawai a gaba. Na buga mishi ganga daga kwance, ya ɗaga hannu zai sara, hannun ya tsaya a rabi.

Wata safiya Kulu na shara sai ta tsaya.

Ta ce, "Maigida, wa ke zubar da shayi a nan?"

Na ce, "Wane shayi?"

Ta ce, "To mi kiyashi ke nema a gindin turke? Kwana uku ina sharewa suna dawowa. Ko birin naka ya buɗe shago?"

Na jawo jiki da gwiwar hannu na leƙa. Inda ya yi fitsari ne. Kiyashi sun yi baƙi a wurin, layi biyu, masu zuwa da masu komawa.

Na aika anka kira malamin dabbobi na nan Bodinga, wani saurayi mai haƙuri. Ya ce shi shanu da awaki ya sani, amma bari ya gani. Ya tsoma wata 'yar takarda a fitsarin, ta sauya launi nan take. Ya tambaye ni abin da birin ke ci. Ina lissafa mishi yana kallon rufin zaure.

Ya ce, "Baba, da can a rana tafiyar mi yake yi?"

Na ce, "In ranar kasuwa ce, daga nan zuwa Sifawa da dawowa, ban da wasa."

"Yanzu fa?"

Na nuna mishi sarƙa.

Ya ce, "Jikin dabba kamar murhu ne da ba a kashewa. Ko tana barci yana cin itace kaɗan, don numfashi da bugun zuciya da ɗumin jiki. In tana gudu ya ci da yawa. Birin daji wuni yake yana wahala kafin ya cika cikinshi, abin da ya samu kuma ba zaƙi gare shi ba. Naka an rage mishi wuta an ninka mishi itace. Da farko jiki ya tara ya zama kitse. Yanzu ya gaji da tarawa, sukarin ya cika jini har yana fita ta fitsari. Ciwon suga ne, irin na mutane."

Na ce, "Akwai allura?"

Ya ce, "Akwai ta mutane, amma ba zan iya auna wa biri ita a zauren nan ba, in na kuskure kaɗan shi ke nan. Abin da ya rage biyu ne. A yanke duk wani zaƙi yau, ba gobe ba. Kuma ya yi tafiya kullum. In an yi sa'a jikin ya farfaɗo. In an ci gaba a haka, ido zai fara tafiya, raunin nan ya ruɓe, ba na jin zai ga damina."

Yanke zaƙi a wurin yara da mata bai yi wuya ba. Kulu ta tsaya a ƙofa da muciya, wanda duk ya zo da rake ta karɓa ta yi godiya ta shige da shi ciki. Na sa ta ciro ludayin. Ɗaya da rabi, a watsa cikin ƙaiƙayi, sai ganyen zogale da yakuwa. Kofur ya yi kwana biyu yana kuka yana jifan mutane da ƙasa.

Amma Malam Jabbi fa? Ku 'yan zamani kuna iya ce wa kowa a'a. Ni mutumin da ya koya wa ubana Fatiha, ya tako da tsufanshi ya zo gaishe ni, ya miƙa hannu zai yi alheri, da wane baki zan ce ya mayar? Rana ta farko na shirya magana tun azahar. Ya zo, ya yi addu'a, ya ciro dabino biyar, ina kallo birin ya lamushe. Rana ta biyu na sa Kulu ta rufe birin a ɗakin awaki, munka ce yana barci. Malam ya ce, "Bari in leƙa shi," ya taka har can. Rana ta uku da safe na ga idon Kofur na hagu ya fara yin hazo-hazo.

Kulu ta ce, "In ba za ka faɗa ba ni zan faɗa daga bayan zana."

Na ce, "Rufa mini asiri."

Da la'asar ya shigo. Ya gama addu'a, ya zura hannu a aljihu.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam."

"Na'am, Nomau."

"Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ina da 'yar magana, amma ta fi ƙarfin bakina."

Ya ce, "To aro na wani. Mi ya faru?"

Na ce, "Malamin dabbobi ne ya zo. Wai shi wanga bawan Allah, wai zaƙi... wai kiyashi ne ke bin..." Na nuna gindin turke.

Malam ya dogara sanda ya tashi, ya je ya duƙa ya daɗe yana kallo. Hannunshi na cikin aljihu har yanzu, biri na jan bakin rigarshi.

Ya ce, "Shina yawan shan ruwa?"

Na ce, "Ƙwarai, Allah gafarta."

"Rauni ba ya warkewa?"

"Haka ne."

Ya dawo ya zauna. Ya ce, "Nomau, haka nawa ya fara, shekara shida ke nan. A bayan ɗakina na ga kiyashin. Likita ya hana ni dabino, ya hana ni zuma. Iyayen yara kuwa ba su bari ba, kullum sai an kawo, ni kuma ban iya maida hannun kyauta. In na kai cikin gida, in gani in ci. Shi ne na ce bari in kawo ma wanga, in dai kalli mai ci." Ya girgiza kai. "Ashe ciwona nika ɗebowa a aljihu ina ba shi."

Na ce, "Subhanallahi, Malam, ba kai kaɗai ba ne, duk gari ne, har da ni."

Ya ce, "Bar ni da rabona. Mi likitan nai ya ce a yi?"

Na faɗa mishi maganar tafiya, na nuna ƙafata da ke cikin karare. Saura wata guda da rabi a kwance ni, birin kuwa ba shi da wata guda da rabi.

Malam ya ce, "Ni ma tafiyar anka ce in yi, ban yi ba. Kawo igiyar."

Na ce, "Allah gafarta Malam, mi mutane za su ce? Malam guda da rawani, da biri?"

Ya ce, "Su ce Jabbi ya canza almajirai."

Washegari da sassafe, kafin a fara karatu, ya zo. Na koya mishi riƙon igiya: a naɗe a hannu sau biyu, kada a ja, kada a kalli biri cikin ido in ya yi fushi. Kulu ta cika mishi aljihu da ƙaro da busasshiyar fara, don birin ya saba laluben aljihun nan. Ranar farko iyakarsu bakin masallaci, Kofur ya zauna a ƙasa ya ƙi tashi, anka dawo da shi a kafaɗa. Na ce shi ke nan, mun makara. Rana ta huɗu sunka kai rijiyar bayan gari. Garin kuwa ya ɗauka. Masu shayi na leƙe, wasu dattawa sunka je har gida suna ba Malam baki, wai girma ya faɗi. Ya ce musu wanda ya ɓata abu shi ke gyara shi, in akwai mai aya da ta hana, ya kawo.

Ni aikina a zaure shi ne gwaji. Kowace safiya Kulu ta tari fitsarin a tsingaro, ta aje kusa da ramin kiyashi da ke gindin bango, mu zuba ido. Mako na farko kafin ka ƙirga goma sun rufe shi. Mako na biyu haka. Mako na uku ma haka, sai dai raunin ƙugu ya fara bushewa a gefe. Idon hagu kam ya tafi, fari fat, bai dawo ba. Kullum da na farka na dama nake fara dubawa. Malam da biri kuwa sun kai har fadama, inda masu albasa ke ban ruwa, su dawo rana ta ɗaga, duk biyun suna haki.

Ranar da maɗori ya kwance mini karare, ranar ce ta talatin da tara da fara tafiyarsu. Washegari na fito da sanduna biyu na zauna a gindin bango da kaina. Kulu ta aje tsingaro. Malam ya iso zai ɗauki igiya, ya gan ni, shi ma ya tattara riga ya tsuguna. Wani mai kai tumatir kasuwa ya tsaya da kekenshi ya ce, "Allah gafarta Malam, allura ta faɗi ne?" Mu dai idonmu na kan tsingaro.

Kiyashi ɗaya ya fito. Ya hau bakin tsingaron, ya tsaya, ya taɓa da 'yan gashin kanshi. Na ji Malam ya daina jan carbi. Kiyashin ya zagaya rabi, ya sake taɓawa, ya sauka ya yi gaba abinshi wajen wani ɓawon gyaɗa. Na biyu ya zo, ko hawa bai yi ba. Munka zauna har rana ta taɓa bangon, tsingaro na nan yadda anka aje shi.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ka huta haka nan. Ƙafa ta samu, gobe ni zan fita da shi ko da rarrafe."

Ya miƙe da ƙyar, ya kakkaɓe riga, ya kwance birin daga turke ya naɗe igiyar a hannu sau biyu.

Ya ce, "Nashi kiyashin sun watse, Nomau. Nawa suna nan. In kana iyawa ka biyo mu a baya."